Amsar tambayarka kan Larabar Toka

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da ƙarin girman da aka yi maka a wurin aiki, Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni ko shafa toka a goshi dole ne, tunda a ganinka Allah yana so 'ya'yansa su ci gaba, ba su riƙa yawo da alamar baƙin ciki ba. Ka ce bara ma sai da ka goge taka a cikin mota kafin ka shiga ofis. Ban yi fushi ba. Amma ka san daga ina tokar nan take fitowa?

Ganyen dabinon da muka kaɗa ranar Lahadin Dabino ta shekarar da ta wuce, shi ake tarawa a ƙone. Ganyen da muka ɗaga sama muna Hosanna, ɗanye shar, kafin shekara ta zagayo ya bushe, ya zama abin da limami zai dangwala da babban yatsa. Ni a nan al'adar ta fi kama ni. A birnin da aka yi wa Yesu wannan kirari, ba a cika mako ba aka ji ana cewa a gicciye shi. Yabon mutane haka yake, muƙami ma haka yake.

Abin ba yau ya fara ba. Ayuba ya tuba cikin ƙura da toka. Sarkin Nineba, da wa'azin Yunusa ya kai gare shi, ya sauka daga kursiyinsa, ya tuɓe rigar sarauta, ya zauna cikin toka. A ikkilisiyar dā masu tuban manyan zunubai a bainar jama'a ne ake yi wa, sai a shekarar 1091 Paparoma Urban na II, a wani taro a Benebento ta ƙasar Italiya, ya ce a yi wa kowa, limamai da mabiya, maza da mata. Ranar tana zuwa kwana 46 kafin Ista. In ka cire Lahadi 6, sai a samu kwana 40 na azumi.

Dole kuwa, a'a, ba dole ba ne. Akwai ikkilisiyoyi da dama da ba sa yi, kuma toka ba ta ceton kowa. Yesu da kansa ya ce a Matiyu sura 6 in kana azumi ka wanke fuskarka. Don haka gogewar ba ita ce ta dame ni ba, dalilin gogewar nake so ka tambayi zuciyarka. A wannan surar ne kuma ya ce kada mu tara wa kanmu dukiya inda asu da tsatsa ke ɓatawa, ɓarayi kuma su fasa su sata, domin inda dukiyar mutum take, can zuciyarsa za ta kasance.

Kada ka ɗauka ina cewa arziki laifi ne. Ibrahim mai dukiya ne ƙwarai. Yusufu mutumin Arimatiya ma mai arziki ne, a kabarinsa aka sa Ubangijinmu. Amma ka karanta Luka sura 12, ka saurari attajirin nan da gonarsa ta yi albarka: rumbunana, hatsina, kayana, raina. Ba Allah a zancensa, ba maƙwabci. A daren nan aka karɓi ransa. Bulus bai ce wa Timoti ya kori masu kuɗi ba, cewa ya yi ya gargaɗe su kada su dogara ga dukiya marar tabbas, su zama masu bayarwa hannu sake.

Ni ma na hau kujera, ka sani. Lokacin nan wayata ba ta hutawa, ƙofata ba ta rabuwa da takalma. Da na yi ritaya, ba a yi wata 3 ba gidan ya yi tsit. Ba na zargin kowa, kujerar suke gaisarwa. Larabar Toka ta farko bayan haka na tsaya a layi, a gabana mai sharar majami'a, a bayana wani da direba ke jiransa a waje. Yatsa ɗaya ya taɓa goshinmu, magana ɗaya aka faɗa mana: ka tuna kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma. Tokar ta zubo mini a gashin ido, ban goge ba. A tsayen nan na yi ta lissafin abin da ya rage mini na shekarun aikina, sai na ga bai wuce yaran da na biya wa makaranta a ɓoye ba, da wata takarda da na ƙi sa wa hannu, wadda ta jawo aka jinkirta mini ƙarin girma. Wannan ƙin da na daɗe ina jin zafinsa, shi ne ya ba ni kwanciyar rai a ranar.

Ka yi aikinka da ƙwazo, ka ci halaliyarka, ka kula da iyalinka. In ganyen dabinonka na bara yana nan, ka kai wa limami kafin ranar. In kuma za ka samu zuwa, ka biyo ka ɗauke ni mu je sujadar asuba tare, ƙafafun nan sun fara ba ni wahala. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Kawunka.