Daga Kano zuwa Guangzhou awa nawa ne a jirgi?

Alhaji, ka tambayi nisan Kano da Guangzhou ta ƙasar Sin, da kuma dalilin da ya sa tikitinka ya nuna tafiya ta fi dawowa tsawo. Lissafin agogo ne ya rikita ka, kuma mutane da yawa na faɗawa nan.

Babu jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa filin Baiyun na Guangzhou, sai an ya da zango. Ta Addis Ababa, babban birnin Habasha, wadda 'yan kasuwarmu suka saba bi a jirgin Ethiopian, zangon farko kusan kilomita 3,300 ne, awa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga filin Bole na Addis zuwa Guangzhou kuma kilomita 8,000 da ɗan ɗoriya, wajen awa 10. Ka ga zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa 15, ban da jira.

To, lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Habasha na gaban Najeriya da awa 2, Sin kuma na gabanmu da awa 7. A ce jirgi ya bar Addis da sha biyun dare ya yi awa 10: agogon Addis zai nuna goma na safe, na Guangzhou uku na rana, sai ka zaci awa 15 aka yi. A dawowa lissafin juyawa yake yi, tafiyar awa 11 ta fito kamar ta awa 6. Alhali dawowar ce ma kan fi ɗan tsawo, domin iskar can sama yawanci daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tana tura mai tafiya, tana tare mai komowa.

Abin da ya fi cancanta ka sa wa ido shi ne jiran Addis. Ƙasa da awa biyu kasada ce, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo kan jinkirta sauka da tashin jirage a Kano. Don Allah ka yanki tikiti ɗaya tun daga Kano har Guangzhou. In jinkiri ya sa jirgi na biyu ya tafi ya bar ka, kamfanin ne zai sa ka a na gaba, kayanka kuma su wuce ba sai ka karɓa a hanya ba. Wanda ya raba tikiti biyu don neman rangwame, asarar tasa ce.

Ka riƙe rigar sanyi a jakar hannu, Addis kan tudu take, sama da mita 2,300, darenta da sanyi. Batirin cajin waya ma a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin awo ba. Katin rigakafin shawara kuma ya zauna tare da fasfo.

Allah ya kai ka lafiya.