Sifoket 36 kake tambaya? To bari in gaya maka abinda ya ci ni

Na ga saƙonka tun bayan la'asar, da gangan na ƙyale sai da nayi isha'i na ci tuwo, don da na amsa a lokacin da zagi zan fara. Kace wani ya kawo maka keke da injin Caina na kwali, yana so ka haɗa masa ya riƙa zuwa aiki Adum daga Sawaba a nan Kumasi, ran Lahadi kuma ya shiga tsere da abokansa, wai in gaya maka sifoket ɗin baya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke ja, mai haƙori 44 zaka sa ko mai 36, da yadda ake taɓa kafireto, mai haɗa fetur da iska, ya ƙara gudu. Sannan can ƙasa ka liƙa min cewa ya baka rabin kuɗi, sauran sai ƙarshen wata. Wannan layin na ƙarshe shi ya fama min tsohon miki.

Ɗaura inji a firam da jan waya ba zan ɓata bakina a kai ba. Shekara 3 kana share min shago a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, in har yau baka san inda shuɗiyar waya da baƙa suke shiga a CDI, akwatin wutar inji, ba to ka ajiye sifana ka tafi Kejetia tallan ruwan leda, ya fi maka.

Abinda zaka fara sani, wannan 80cc da suke rubutawa a kwali ƙarya ce, faɗin fistin milimita 47 ne, in ka lissafa injin bai kai 70 ba, 66 muke ce masa. Giya babu, don haka duk rayuwarsa tana hannun sifoket. Na gaba haƙori 10 ne, a cikin inji kuma an riga an rage juyi kusan kashi 4, to da taya 26 in inji na juyi 6000 a minti, 44 zai baka kilomita 41 haka a awa, 36 ya kai ka 50. Kaga wannan 9 ɗin ita ke haukata yara. Abinda basa tambaya shine me suka biya, ƙarfin tashi suka sayar, kuma Kumasi ba Tamale bace da hanya take shimfiɗe kamar tabarma, nan daga hawa sai gangara, ga trotro motar haya ga pragya mai taya 3 kowa na tsayawa inda ya ga dama, mai 36 kullum yana murza feda yana cin kuloci kamar wanda bashi da inji. Mai zuwa aiki 44, in mutum ne marar nauyi ya matsa maka ka sa masa 40. Mai tsere 36. Mai son duka biyun a keke ɗaya kuma da rabin kuɗi, na san shi, na taɓa haɗuwa da wansa.

Lokacin dumso ne, yawan ɗauke wutar nan, 2015. Wani yaro ɗan gidan wani Alhaji da muke sallah sahu ɗaya a Aboabo yazo min da shadda tana ƙamshi, Masta kaza Masta kaza, wai duk Suame sunana kawai ake kira in ana maganar injin keke, ni kuma kaina ya kumbura, ban ɓoye maka ba. Yace zuwa aiki kawai zai riƙa yi, trotro ta ishe shi, amma yana so ace babu irin nashi a zango. Nace to an zo wurin. Na nemo tsohon firam na ƙarfe mai nauyi, ba wannan na gwangwani ba, na cire sifok ɗin baya gaba ɗaya na ɗaura masu kauri, injin kuma ban ɗora shi daga kwali ba kamar yadda ku kuke yi, sai da na farke shi na wanke, don wlh akwai ranar da na samu ɓarɓashin ƙarfe a cikin sabon inji kamar an barbaɗa gari. Boltin da suka zo da shi duk na zubar, taushi gare su kamar alewa, na sa masu kyau. Na goge kan injin a kan gilashi da sanfefa har ya kwanta daidai, na auna ratar da ke tsakanin fistin da kai da wayar dalma sai da ta zo milimita 0.8. Wuta babu, dare 3 ina wannan aikin da tocilan a baki da zarto a hannu, matata tana cewa ko aljani ne ya kama ni.

Kuɗin kayan fa nawa ne. Kuɗin susu na ne, wato adashi, da na ɗauka zan saya wa babbar 'yata keken ɗinki ta gama koyo, nace bari in juya su sati 2 su dawo da riba. Ranar karɓa yaro yazo da rabi, nace keke ba zai fita ba, sai ga uban da kansa bayan magariba, haba Masta ai ɗanka ne, ni ne zan cika. Wa zai ce wa dattijo a'a a bakin masallaci? Na bada. Amma sai da na zaunar da yaron na karanta masa kamar fatiha, tanki 4 na farko kowace lita ɗaya ta fetur ka zuba baƙin mai na 2T mil 50, ga sirinji na baka kyauta, kada ka wuce rabin totur, kada ka riƙe shi a gudu ɗaya, ka dawo min bayan tanki 2 in sake ɗaure noti. Yana ta yoo Masta, yoo Masta.

Kwana 9. A bayan aboboya, babur ɗin kaya mai taya 3, aka sauke min shi, inji ya ƙame ko motsi. Yaro harda ɓata fuska, wai yana tafiya a hankali zai je aiki, daidai Anloga Junction kawai yaji ƙiii, kuma shi duk abinda nace yayi, in duba tanki in gani. Na buɗe tanki, mai ya haɗu kyau paa, shuɗi shar, cike har wuya. Nan jikina ya bani, don wanda inji ya mutu masa a hanya baya zuwa da tanki cike. Na kwance kofin ƙasan kafireto na juye a tafin hannu, fetur fari tas kamar ruwan famfo, ko ɗigon baƙin mai babu. Ya canza na tanki ya manta da na kofi. Fulogi fari fat kamar alli. Allurar kafireto da na bari a tsagi na tsakiya an maida kilif ɗinta tsagin sama, wato an rage masa fetur, an yanke cikin salansa, sifoket ɗina 44 babu shi 36 ne a wurin, kuma a karkace. Da na zare bulok, gefen fistin na wajen salansa ya kakkarce, alminiyon ya narke ya shafe a jikin bulok, ringi ya manne a raminsa. Daga baya wani cikin yaran ya faɗa min gaskiya, ran Lahadi suka kwasa zuwa tafkin Bosomtwe, wani ɗan iska yace masa baƙin mai ne ke rage gudu, suka zuba zallan fetur suka buɗe wuta tun daga Ejisu, gangarar nan daga Kuntanase zuwa Abono ita ta ƙarasa shi.

Ka riƙe wannan tunda ka tambayi kafireto. Injin nan bashi da wani wurin ajiye baƙin mai, wanda ke cikin fetur shine abincin boris da fistin, ranar da ka rage masa fetur don ya ƙara kuka ka rage masa mai kenan ka kuma ƙara masa zafi. Haka doguwar gangara in ka saki totur taya tana juya inji, gudu yake yi da yunwa, sai dai ka kama kuloci kana ɗan murza totur jefi jefi.

Aka ce sulhu. Muka zauna a zaure, dattawa 4, ni na zo da fistin a ƙulle cikin hankici ina nunawa ina bayani, babu wanda ya san me nake cewa, ɗaya ma ya karɓa yana juyawa yace to ai ƙarfen ne ba mai kyau ba. Yaro ya rantse. Uban yace Masta ayi haƙuri yaro ne, kai ka gyara mu kuma mu cika maka kuɗinka, zumunci ya fi keke. Aka shafa fatiha. Na sake fitar da kuɗina na sayi bulok da fistin da ringi da gaskit, na gyara, aka zo aka ɗauka da alkawarin Juma'a. Juma'ar nan har yau bata zo ba. Ko wata ba'a yi ba ya sayar da keken ya wuce Ankara, wato Accra, kuma kafin ya tafi sai da ya bi duk bes ɗin samari yana cewa aikin Masta baya kwana 10, mutum 2 da suka bada aiki suka zo suka janye. Kuɗin ma da sauƙi, wannan ita ce take min ciwo, ni da ake turo min inji daga Techiman. Keken ɗinkin 'yata sai da shekara ta zagayo. Uban har gobe yana miƙo min hannu bayan sallah ina karɓa, ya zan yi. Fistin ɗin nan da ke kan kanta kusa da rediyo da ka taɓa cewa in baka ka kai wa masu gwangwan, shine.

To in injin naka ya gama tanki 4 a hannunka, a hannunka nace ba a nashi ba, sai ka koma mil 40 a lita, mai kyau ma 30 ya isa, sannan ka fara saurare. Yawancinsu suna zuwa da fetur ya musu yawa, in ka buɗe totur duka zaka ji yana burrr burrr kamar mai tari, to jet, ƙaramin ramin da fetur ke bi a kafireto, ya yi girma, ka sauko lamba ɗaya tak ka gwada, kada ka tsallake. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya ka buɗe, ka kashe shi a cikin gudun ka kama kuloci, ka cire fulogi ka duba, kalar Milo muke nema, baƙi da jiƙa yayi yawa, in ya fara fari ka koma inda ka fito da gudu. Kafin duk wannan ka tabbata iska bata sata ta wuyan kafireto, rabin injinan da ake cewa jet ne iska ce. Fulogi NGK B6HS, ka buɗe ido jabu sun cika kasuwa. Gudun gaskiya salansa mai tumbi ke bada shi, ba yanke cikin ta kwali ba, wannan ƙara ce kawai ta hana mutane barci. Faɗaɗa ramukan bulok kuwa kada in ji ka taɓa, hannunka bai nuna ba koraa.

Ku yaran yanzu daga kun ga bidiyon minti 2 a TikTok kun zama injiniyoyi, kowa gudu gudu, babu mai tambayar yaya zai tsaya. Baka tambaye ni birki ba, ka lura? Keken da aka yi don ƙafar mutum zaka kai shi 50, birkin feda kaɗai ba zai riƙe shi ba, gaba da baya duka su kama. Sifoket ɗin da ake matsewa a jikin sifok da robobi 2, in na tsere ne ka nemi wanda ke kama cibiyar wili, in babu ka zauna ka daidaita shi har ya daina rawa ko zai ci maka yini. Ƙaramar tayar da ke ɗame sarƙa kuma ita ce mai kisa, in ta juya ta faɗa cikin sifok wili ƙamewa yake nan take mutum ya tashi sama, ka kafe ta yadda ko da guduma ba zata juya ba. Hular kwano kuma ya saya kafin ya hau, ba na son zuwa gaisuwa asibitin Komfo Anokye.

Gobe ka kira shi kace Masta yace 44, in yana son 36 ya sayi wili na biyu ya ajiye na Lahadi, kuma inji in ya shiga tsere babu ruwanka da abinda ya same shi, ya faɗa da bakinsa ka ɗauka a waya. Kuɗi ya cika kafin taya ta taɓa titi, ko ubansa ya zo, ko limamin unguwarsu ya zo, kace musu keken yana wurina su zo su same ni. Ran Asabar ka taho da kan injin in auna da kaina, ka haɗo da sifana ta mai lamba 10 da ka ɗauka tun kafin azumi, ina sane.