Amsa ga mai tambayar awannin tafiya tsakanin Landan da New York

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce tikitinka ya nuna za a tashi Landan ƙarfe 10 na safe a sauka New York ƙarfe 1 na rana, kana tambaya ko tafiyar awa uku ce, kuma me ya sa dawowa ta fi zuwa gajarta. Aiki ya sa na sha bin hanyar nan, bari in faɗa maka abin da na gani.

Awa uku kam, a'a. Agogon New York yana bayan na Landan da awa 5, tikiti kuwa da agogon kowane gari yake rubuta lokacinsa. Ƙarfe ɗayan nan, 6 na yamma ne a Landan. Awa 8 ke nan, har da jan jiki a filin jirgi da jiran layin tashi.

Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne, jirgi kuma yana cin wajen kilomita 900 a awa. In ka raba, awa shida da ɗoriya za ka samu, amma lissafin nan bai san da iska ba. A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Amurka gaba da gaba yake yi da ita, mai dawowa kuwa tura shi take yi ta baya. Shi ya sa dawowa ba ta cika wuce awa 7 ba, musamman lokacin hunturu da iskar ta fi ƙarfi. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya iso Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56.

Ni da idona na gani a ɗan allon bayan kujera. Wani dare muna dawowa, an rage fitilu, kowa ya lulluɓa da bargo, na ga gudunmu ya haura kilomita 1,000 a awa. Kafin a gama kwashe kofunan shayin safe har mun fara gangarowa. In ka ga layin tafiyar ya lanƙwasa ta saman Ireland da gaɓar Kanada, kada ka ɗauka zagaye ake yi. Duniya dunƙule take, ka miƙe zare tsakanin biranen biyu a kan ƙwallon taswira, ta nan zai bi.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne, idan akwai wani jirgin da za ka hau bayan ka sauka, don Allah ka bar tazarar awa uku aƙalla. A nan New York ɗin za a duba fasfo ɗinka, ka ɗauki kayanka da kanka ka sake miƙawa. Na taɓa barin awa ɗaya da rabi kawai, ina cikin layin fasfo jirgina ya tashi, sai washegari na samu wani.