Amsa ga direban da ƙugu da gwiwa suka sage masa

Malam, ka ce kana tuƙi tsakanin Kumasi da Akara, in ka sauko mota ƙugu ya riƙe, zaman tahiya ma ya fara gagararka, kana tambaya ko miƙa jiki zai yi maka amfani. Zai yi, da yardar Allah. Ni tela ne a unguwar Aboabo, na fi shekara 20 a kan keken ɗinki, ciwonmu ɗaya: dogon zama. Akwai lokacin da sai na dafa kafaɗar na kusa da ni kafin in tashi daga sahu.

Da farko na yi ganganci. Da asuba cikin hunturu, jiki a sanyaye, na sunkuya da ƙarfi sai na taɓo yatsun ƙafa, ina yi ina fizga. Tsokar bayan cinya ta amsa, mako guda ina ɗingishi. Don Allah kada ka yi haka. Fara taka ƙasa na minti 5 zuwa 10 har jiki ya ɗumama. Ni in an idar da sallar Isha'i nake zagayowa ta doguwar hanya.

In na iso gida sai in shimfiɗa darduma, in durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, in tura ƙugu gaba a hankali har in ji gaban cinya yana ja. Wannan ya fi komai yi mini aiki, domin nan ne zama yake ɗaurewa. Sai in ɗora diddige a kan kujera 'yar tsugunno, baya a miƙe, in ɗan rusuna. Kowanne sakan 30, sau biyu ko uku a kowace ƙafa, ina numfashi yadda na saba. Ja ake so ka ji, in ya koma suka kamar allura ka sassauta.

Tahiya kuwa, a gida na riƙa gwadawa da matashi tsakanin diddige da mazaunai, ina rage kaurinsa. Sai da na kusa wata biyu kafin na zauna ba matashi.

In kun tsaya a Nkawkaw fasinjoji na sayen burodi, kai ma sauko ka taka, ka dafa motar ka miƙe ƙafafu. Amma in ciwon yana gangarowa daga ƙugu har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko gwiwar ta kumbura, dakata da duk wannan, ka je asibitin Komfo Anokye a Kumasi likita ya duba ka tukuna. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare hanya.