Tsohon jirgin lilo na katako da ma'aunin tsayin yara a Cedar Point

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka, maigida zai kai mu wurin wasanni da shaƙatawa na Cedar Point da hutu. Na ji akwai jirgin lilo na katako da ya girme ni, yana ƙara yana girgiza, hankalina ya ƙi kwanciya. Kuma autana ya gaza tsayin da suke nema da kaɗan, ƙawata ta ce in cusa masa tsumma a takalmi. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Blue Streak kike nufi, na 1964, jirgin lilo mafi tsufa da ke aiki a wurin. Kada tsufansa ya dame ki. Ana sauya katakon da ya gaji lokacin da aka rufe wurin da hunturu, kuma da gangan aka gina shi ya riƙa lanƙwasawa kaɗan. Ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji yayin hawa ƙarfen da ke hana shi komawa baya ne. Akwai kuma tayoyi a ƙarƙashin dogon da yake bi, su ke riƙe jirgin kada ya tashi.

Maganar tsumma ce ta tayar min da hankali, don kusan kullum sai na ci karo da ita. Iyaye na ɗauka ma'aunin tsayi fitinar ma'aikata ce kawai. Wallahi ba haka ba ne. Jirgin farko na wurin, Switchback Railway na 1892, tsayinsa ƙafa 25 ne, yana tafiya a hankali. A 1989 Magnum XL-200 ya haura ƙafa 200, a 2000 Millennium Force ya kai ƙafa 310 da gudun kilomita 150 a awa. A irin wannan gudu, idan jirgi ya haye tudu jiki ɗagawa yake daga kujera, abin da ke riƙe mutum kuwa sandar cinya ce da bel. An ƙera su ne bisa girman jiki, shi ya sa aka sa inci 48 ga Blue Streak da Millennium Force. Tsumma na ƙara tsawon takalmi, ba ya ƙara kaurin cinya ko tsawon gadon baya. Yaron zai zauna, sandar ta sauka, a bar rata a tsakani. Da me ƙawarki za ta cike wannan ratar a sama? Don Allah ki faɗa mata ta daina bai wa mutane wannan shawara.

Wani abu kuma: a 2015 wani mutum ya tsallake shinge don ɗauko wayarsa da ta faɗi a ƙarƙashin wani jirgin lilo mai suna Raptor, jirgin ya buge shi ya rasu. In wani abu ya faɗi, ku sanar da ma'aikata kawai.

Ki auna autan a gida da takalminsa na kullum. In bai kai ba, akwai sashen Planet Snoopy na ƙananan yara, ku kai shi can.