Amsa kan matsin wuyan kwanso a harsashin .308

Malam, ka ce kana ɗura harsashin .308 Winchester da kanka domin gasar harbin nesa a nan Amurka, kuma kana tambaya ko matsin inci 0.001 ya fi dacewa da wuyan kwanso ko kuwa 0.003, tun da harbinka yana watsewa sama da ƙasa a yadi 600. Matsin nan shi ne yadda cikin wuyan kwanso ya fi ƙwayar harsashi ƙanƙanta kafin a zaunar da ita. Shawarata ita ce ka fara da 0.002, amma kada ka ɗora ranka a kan lambar, domin abin da ke tara harbi wuri ɗaya shi ne kowane kwanso ya riƙe ƙwayarsa daidai da yadda sauran suka riƙe.

Lissafin ba shi da wuya. Idan faɗin ƙwayar inci 0.308 ne, bangon wuyan kuma 0.015 a kowane gefe, harsashin da aka ɗura zai auna 0.338 a wuya, sai ka sa zoben matse wuya mai 0.336 a mamatsa, wato ƙarfen da ake tura kwanso ciki domin mayar da shi girmansa, irin ta Redding Type S ko ta Forster. Sai dai tagulla tana ɗan buɗewa bayan ta fito daga zoben, saboda haka ka sake aunawa, kada ka dogara da lambar da aka buga a jikinsa.

Inda zobe yake gazawa shi ne yana matsawa ne daga waje, ta yadda duk bambancin kaurin bango sai ya koma ciki, wurin da ƙwayar za ta zauna. Da kwanson kamfanin Lapua abin bai cika damuna ba, amma da masu araha nakan matse wuyan ya ɗan zarce abin da nake so, sannan in shigar da tsinken ƙarfe mai 0.306 ya buɗe shi daga ciki. Ɗan ƙwallon buɗe wuya da ke zuwa a cikin mamatsa kuwa cire shi nake yi, domin yana jan wuyan a hanyar fita har ya karkatar da shi.

Abin da na fi zargi a lamarinka shi ne taurin tagullar. Duk harbi da matsi suna ƙara mata tauri, kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa, kuma kwansuna ba sa taurara tare. Za ka ji haka a tafin hannunka lokacin zaunar da ƙwaya: wannan ya shige sumul, na gaba sai ka ɗan danna. Irin waɗannan ka ware su gefe domin gwaji. Maganin shi ne gasa wuyan ya koma laushi, ko da na'urar gasa kwanso ta kamfanin AMP na New Zealand, ko da wutar gas tare da fentin Tempilaq mai nuna zafi, amma zafin ya tsaya a wuya da kafaɗa, domin kwanson da gindinsa ya yi laushi haɗari ne, zubar da shi ake yi.

Kada kuma ka wanke cikin wuyan ya yi ƙal. Baƙin hayaƙin da ya saura yana sa ƙwaya ta zauna cikin santsi, kuma idan ka riga ka wanke, ɗan garin girafayit yana maye gurbinsa. Idan bindigarka mai ɗura kanta ce, ka hau zuwa 0.003 ko fiye, kada ƙwaya ta nutse cikin kwanso ta ƙara ƙarfin fashewa. Lokacin gwaji ka bar albarushi da zurfin ƙwaya yadda suke, ka canza matsin kaɗai, sannan ka duba bambancin gudun harsashi a na'urar auna gudu kafin ka yanke hukunci daga takardar saiti.