Ƙuri'ar jin ra'ayi ta ce Harris, akwati ya ce Trump: maguɗi aka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina bin siyasar Amurka tun zamanin Obama. Ana saura kwana uku zaɓen 2024 na ga ƙuri'ar jin ra'ayi ta jihar Iowa ta ce Kamala Harris na gaban Trump da maki 3, har na yi ta cika baki a majalisarmu. Da aka ƙirga sai ga Trump ya cinye jihar da maki 13. Har yau abin na cin raina. Wasu sun ce maguɗi aka yi, wasu sun ce masu ƙuri'ar aka saya. To ƙuri'un jin ra'ayin jihohin nan suna da wani amfani kuwa? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba maguɗi aka yi ba, ƙuri'ar ce ta kuskure, kuskure mai muni kuwa. Ann Selzer ce ta gudanar da ita don jaridar Des Moines Register, kuma mace ce da ta daɗe da suna a wannan sana'a, shi ya sa labarin ya zaga duniya. Mutum 808 ta tambaya. A ranar kuma Kwalejin Emerson ta fitar da tata ƙuri'ar a jihar, ta ba Trump tazarar maki 10. Ina kyautata zaton wannan ba ta iso majalisarku ba, don labarin da ba ya ba da mamaki ba ya samun mai turawa.

Amfani kam ƙuri'un jin ra'ayin jihohi suna da shi, tunda ka san jihohi ne ke naɗa shugaba ta hanyar wakilai 538, ba jimillar ƙuri'un ƙasa ba. Wanda ya karanta na 2024 da natsuwa ya san jihohi bakwai ne ake fafatawa a kansu, kuma kowanne zai iya kwashe su.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne zancen maguɗin, don kullum sai na ci karo da shi, kuma ya ishe ni. Mutum ya ga 48 da 46 a allon waya, shi ke nan ya ɗauka takardar sakamako aka nuna masa. Ranar da akwati ya faɗi wani abu daban, sai a ce an sace. Masu sharhin Facebook da ba su taɓa buɗe rahoton ƙuri'a ko ɗaya ba su ne kan gaba wajen hura wannan wutar, suna yanko hoton lamba biyu su yar da sauran shafin.

Duba ƙasan shafin. Idan an tambayi mutum 800, za ka ga an rubuta iyakar kuskure kusan maki 3.5. Wannan na kason ɗan takara guda ne. Idan tazarar da ke tsakanin mutum biyu kake dubawa, sai ka kusan ninka shi, ya koma wajen maki 7. Ke nan tazarar maki 2 ko 3 a ƙuri'ar jiha ba ta gaya maka wanda ke gaba ba. Cewa kawai ta yi abin ya yi zafi.

Kuma wannan lissafin na ƙaramin kuskuren ne, wanda sa'ar ɗiba ke jawowa. Babban ba a rubuta shi a ko'ina: su wane ne suka ƙi ɗaga waya? Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ce a 1997 kashi 36 cikin 100 na waɗanda take kira suna amsa tambayoyinta, zuwa 2018 ya faɗo kashi 6. Waɗanda suka rage suna amsawa ba irinsu ɗaya da waɗanda suka kashe wayar ba. A 2016 masu digiri sun fi amsawa, kuma sun fi karkata ga Hillary Clinton. Kamfanonin jin ra'ayi da yawa da suka yi aiki a jihohi ba su daidaita alƙalumansu da matakin ilimi ba, sai muryar farar fata marasa digiri ta dushe. A Wisconsin ana ba Clinton tazarar wajen maki 6 har jajibirin zaɓe, Trump ya ci jihar da ƙuri'a ƙasa da 23,000. Ya haɗa da Michigan da Pennsylvania, duka ukun da ƙuri'a ƙasa da 80,000. Ƙuri'un jin ra'ayi na ƙasa baki ɗaya kuwa ba su yi nisa da gaskiya ba, sun ba ta wajen maki 3, ta ci jimillar da maki 2.

Sai wani ya ce, ai ba ƙuri'a ɗaya ba ce, goma ne suka faɗi abu guda. To idan mai buhu ya zuba gero mai kyau a sama, ko mutum goma suka ɗiba daga bakin buhun abu ɗaya za su gani. Kamfanonin nan mutane iri ɗaya ne ke ƙin amsa musu, don haka kuskurensu gefe ɗaya yake kwantawa, kuma a jihohi masu kama da juna lokaci guda. Shi ya sa Trump ya kwashe duka bakwai ɗin a 2024 ba tare da ƙuri'un sun yi wani mugun kuskure ba: Wisconsin da ƙasa da maki 1, Michigan da Pennsylvania da ƙasa da maki 2 kowacce. A 2020 ma, bayan an gyara zancen ilimi, ƙuri'ar ABC da Washington Post ta ba Biden tazarar maki 17 a Wisconsin, ya ci da ƙasa da maki 1. Da ƙuri'ar jin ra'ayi hujja ce, da sai mu ce wanda ya ci zaɓen ma an yi masa maguɗi.

Mun ga irin wannan a gida. A watan Satumba na 2022 ƙuri'ar da NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP ta ba Peter Obi kashi 21, Tinubu da Atiku 13 kowanne. An yi ta yaɗa wannan, ba a yaɗa cewa kusan rabin waɗanda aka tambaya ko ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa.

Ba cewa nake ba a maguɗi a duniya. Amma wanda ke zarginsa, takardun rumfa da sake ƙirga zai nema. A Georgia a 2020 da hannu aka sake ƙirga ƙuri'a kusan miliyan 5, Biden ya ci gaba da zama a gaba da kusan 12,000. Idan wani a majalisarku yana da shaida irin wannan a kan Iowa, ya kawo ta a gani.